Kebul ɗaya ya durƙusar da netwok gaba ɗaya: tambayoyi da amsoshi kan STP a suwic

Waɗannan tambayoyin kan STP, wato Spanning Tree Protocol, tsarin da yake hana zobe kashe netwok, su ne suka fi zuwa min daga yaran da muke aiki tare a nan Bauchi da kuma masu cibiyar CBT da kafe da ƴan ofis da suke kira in abu ya kwaɓe. Na tara su wuri guda saboda wallahi kusan duk wata sai na maimaita magana ɗaya.

Malam, wai mene ne wannan zoben da ake ta cewa yana kashe netwok?

Zobe, ko luf kamar yadda muke faɗa a bakin aiki, shi ne a samu hanya biyu ko fiye tsakanin suwic da suwic (akwatin nan da ake jona kebul ɗin kwamfutoci a jikinsa) ta yadda saƙo zai iya fita ya zagayo ya dawo inda ya taso. Suwic in ya samu saƙon shela, irin wanda kwamfuta take aikawa tana neman lambar IP ko tana tambayar waye mai lamba kaza, to ta kowace ƙofa, wato ramin da ake soka kebul, yake fitar da shi banda wacce ya shigo ta ita. In akwai zobe, saƙon zai je suwic na biyu, shi ma ya watsa, ya dawo wa na farko ta ɗaya kebul ɗin, shi ma ya sake watsawa, haka za a yi ta yi babu tsayawa. Matsalar ita ce saƙon Ethernet ba shi da wa'adi. Fakitin IP yana da TTL, kowace rauta ya wuce sai ta rage ɗaya har ya kai sifili a jefar da shi, amma a matakin suwic babu wannan lissafin ko kaɗan, saƙon zai yi ta kewayawa har sai ka zare kebul ko an ɗauke wuta. Cikin ƴan daƙiƙu sai ka ga duk fitilun suwic suna ƙiftawa tare da gudu kamar an haɗa baki, ba intanet, ba firinta, kamarorin CCTV sun tsaya cak.

Akwai kuma ɓarna ta biyu da mutane ba sa lura. Suwic yana riƙe da jerin lambobin MAC, wato lambar shaidar da kowace na'ura take zuwa da ita daga kamfani, wace kwamfuta tana wace ƙofa. Da zobe sai ya ga kwamfuta ɗaya yanzu a ƙofa ta 3, yanzu a ƙofa ta 24, sai jerin ya rikice ya rasa ina zai kai saƙon kowa.

To wa zai haɗa zobe da gangan?

Da gangan ba kowa, sai mu da muke ja kebul biyu tsakanin gini da gini don in ɗaya ya yanke ɗaya ya riƙe. Sauran duk kuskure ne. Wata cibiyar CBT da na taɓa zuwa, ana saura kwana biyu a fara jarabawar JAMB, wani yaro mai gyara ɗaki ya ga kebul yana reto a ƙasa sai ya ɗauka ya soka a ramin bango da ya gani babu komai, ashe ɗaya bakin ma a bango yake, duk biyun suwic ɗaya suke komawa. Kwamfuta sama da ɗari biyu suka daina ganin saba. Mai wurin har ya fara maganar sayen sabon suwic. Yaron ba shi da laifi, shi a ganinsa gyara ya yi, laifin na wanda ya kafa netwok ɗin ne bai kulle ƙofofin ba.

Sauran hanyoyin da na sha gani: ƙaramar rauta ta gida da wani ma'aikaci ya kawo don ya samu waifai a ofishinsa ya soka kebul biyu a bayanta, wayar tebur ta IP mai rami biyu da aka jona duka biyun a bango, da kuma na'urorin waifai da suke haɗe da juna ta iska sannan kuma aka zo aka ja musu kebul.

Shi STP ɗin me yake yi?

Yana barin kebul ɗin a jone amma ya rufe ɗaya hanyar a cikin ƙwaƙwalwar suwic, ta yadda tsakanin kowane suwic biyu hanya ɗaya ce kawai take aiki, kamar bishiya mai rassa, babu reshen da yake lanƙwasowa ya koma jikin wani. In hanyar da take aiki ta mutu sai ya buɗe wacce ya rufe. Wata mata ce ta ƙirƙiro shi, Radia Perlman, a 1985 lokacin tana aiki a kamfanin DEC a Amurka, daga baya IEEE, ƙungiyar injiniyoyi mai tsara ƙa'idojin netwok, ta mayar da shi ƙa'ida mai lamba 802.1D a 1990.

Yadda yake aiki kuwa, suwic-suwic ɗin suna aika wa juna wani ɗan saƙo da ake kira BPDU duk bayan daƙiƙa 2. Da shi suke zaɓen shugaba, wato rut. Bayan an samu shugaba sai kowane suwic ya duba wace ƙofarsa ce ta fi sauƙin kaiwa ga shugaban, ya bar ta a buɗe, a kowane kebul kuma a zaɓi ɓangare ɗaya da zai riƙa turawa, duk ƙofar da ta rage ba ta samu aiki ba sai a toshe ta. Ƙofar da aka toshe ba ta mutu ba fa, tana nan tana sauraren BPDU tana jiran ranarta.

Ta yaya ake zaɓen shugaban? Ni ban taɓa saita komai ba kuma yana aiki.

Nan ne nake so ka tsaya ka karanta da kyau ɗan'uwa, domin rabin wahalar da nake gani daga nan take. Kowane suwic yana da lambar fifiko, sannan a haɗa ta da lambar MAC ɗinsa. Wanda nasa ya fi ƙanƙanta shi ne shugaba. Daga kamfani kowa 32768 yake zuwa da shi, to in ba ka taɓa komai ba duk sun yi kunnen doki kenan, sai a koma kan MAC, kuma sau da yawa tsohon suwic shi ne yake da ƙaramar lamba. Ma'ana wancan tsohon tokumbo da aka jefa a ɗakin mai gadi ko ƙarƙashin teburin akawu, wanda ƙura ta cika fankarsa tun hunturun bara, shi ne zai zama shugaban netwok ɗinka, babban suwic ɗin da ka kashe kuɗi ka sa a ɗakin saba kuma yana bin sa. Duk zirga-zirga sai ta karkata ta bi ta wajensa.

Sannan ka haɗa da halin wutarmu. JED ta ɗauke, ɗakin saba yana kan inbata ko sola bai ji komai ba, amma wancan tsohon yana kan layin janareta, sai ya mutu. Shugaba ya mutu, sai an sake zaɓe. An tada janareta ya dawo, sai ya ƙwace shugabancin, a sake lissafi daga farko. A yini ɗaya sau nawa wuta take zuwa ta koma a Yelwa ko Gwallameji? To sau nawan nan netwok ɗinka zai yi ta sarƙewa, kai kuma kana ta zagin mai ba ka intanet.

Saboda haka ka zaɓi shugabanka da hannunka. Wanda yake tsakiya, wanda saba da rauta suke jikinsa, wanda yake kan batir, ka ba shi 4096. Na biyunsa ka ba shi 8192 ya zama mataimaki. Lambar ninkin 4096 take tafiya, daga 0 zuwa 61440, ba za ka iya sa 5000 ko 100 ba. A Cisco:

spanning-tree vlan 1-100 priority 4096

Akwai kuma spanning-tree vlan 1 root primary, wanda yawanci yake sa 24576, amma ni na fi son in rubuta lambar da kaina don in san me na sa. A MikroTik lambar da salon heks ake rubuta ta, 0x8000 shi ne 32768, 0x1000 shi ne 4096:

/interface bridge set bridge1 protocol-mode=rstp priority=0x1000

A Huawei kuma stp root primary. In ka duba Cisco ka ga 32769 kar ka rikice, lambar VLAN 1 ce aka ɗora a kan 32768 (VLAN shi ne raba netwok ɗaya zuwa sassa daban-daban a cikin suwic, kowane sashe da lambarsa).

Oga, in na jona kwamfuta sai ta yi kusan rabin minti kafin ta samu IP. Wani ya ce in kashe STP gaba ɗaya. In kashe?

Kar ka kashe, don Allah kar ka kashe. Abin da kake gani tsohon STP ne, ƙofa tana yin daƙiƙa 15 tana saurare, sannan 15 tana koyon lambobin MAC, 30 kenan kafin ta fara wuce da saƙo. In kuma hanya ta mutu daga nesa akwai ƙarin 20 na jira, ya zama 50. Maganinsa abu biyu ne. Na farko ka koma RSTP, wato sabon STP mai sauri. Na biyu ka gaya wa suwic cewa wannan ƙofar kwamfuta ce a jikinta ba wani suwic ba, sai ta buɗe nan take. Cisco suna ce masa portfast, MikroTik edge=yes, Huawei stp edged-port enable. Wanda ya ba ka shawarar kashewa ba shi za a kira ba ranar da abin ya faru, kai za a kira.

STP, RSTP, MSTP, PVST, wanne zan ɗauka?

Tsohon 802.1D ka bar shi, ya yi zamaninsa. RSTP shi ne 802.1w, ya fito 2001, in kebul ya yanke yakan juya hanya cikin daƙiƙa ɗaya zuwa ƴan kaɗan saboda ya riga ya ware ƙofar madadin tun kafin a buƙace ta, kuma in ya rasa BPDU uku a jere, daƙiƙa 6 kenan, ya san maƙwabcinsa ya tafi. Ga makaranta ko otal ko asibiti mai suwic biyar zuwa goma, RSTP ya ishe ka.

PVST+ da Rapid PVST+ na Cisco ne, kowace VLAN da bishiyarta. Yana da daɗi in duk kayanka Cisco ne, umarnin shi ne spanning-tree mode rapid-pvst. Amma gaskiya wa yake da Cisco zalla a nan? Yawancinmu abin da aka samu a kasuwa ne, Cisco tokumbo ɗaya, MikroTik a sama, TP-Link biyu, wataƙila Huawei da ɗan kwangila ya bari. In haka ne kuma kana da VLAN da yawa to MSTP, wato 802.1s na 2002, shi ne yaren da kowa yake ji. Sharaɗinsa abu uku su zama iri ɗaya sak a kowane suwic: sunan yanki, lambar bita, da jerin wace VLAN take cikin wane rukuni. Harafi ɗaya ya bambanta, ko babban baƙi da ƙarami, to sun zama yanki biyu daban, kuma ba wanda zai yi maka ƙara ya sanar da kai.

Wani abu da ake mantawa in kaya sun cakuɗe shi ne lissafin tsadar hanya, wato makin da STP yake ba kowane kebul don ya zaɓi hanyar da ta fi sauƙin kaiwa ga shugaba. A tsohon lissafi 100 Mbps tsadarsa 19, gigabit 4, 10 gigabit 2. A sabon lissafi gigabit 20000 ne. In rabin suwic ɗinka suna tsoho rabi suna sabo sai ka ga an toshe fayiba an bar kebul mai rauni. A Cisco spanning-tree pathcost method long yake mayar da shi sabon.

Mene ne BPDU guard kuma a ina ake sa shi?

Wannan shi ne makullin ƙofofin da na yi magana a labarin cibiyar CBT. Ƙofar da ka ce ta kwamfuta ce bai kamata ta taɓa jin BPDU ba, domin kwamfuta ba ta aika shi. In ta ji to wani ya jona suwic ko ya yi zobe, sai ƙofar ta rufe kanta nan take, sauran netwok ya ci gaba da aikinsa. Da akwai shi a waccan cibiyar da na ba da labari, da ƙofa ɗaya ko biyu ce za ta mutu, ba wanda ma zai sani sai an duba. A Cisco a kan ƙofar:

spanning-tree portfast
spanning-tree bpduguard enable

In ta ji BPDU ƙofar za ta shiga err-disabled, wato a rufe take, sai ka zare abin da ya jawo sannan ka yi shutdown da no shutdown. In wurin da nisa, misali kana Bauchi kayan suna Azare ko Misau, ka sa errdisable recovery cause bpduguard, bayan daƙiƙa 300 zai gwada buɗewa da kansa. MikroTik bpdu-guard=yes ne a kan ƙofar birij, Huawei stp bpdu-protection.

Duk ƙofar da take zuwa bango, aji, ɗakin otal, teburin ma'aikaci, a sa mata. Ƙofar da take haɗa suwic da suwic kuwa kar ka kuskura, za ka yanke gini guda da hannunka.

To root guard fa? Da BPDU filter?

Root guard na ƙofar da ka san akwai suwic a ƙasanta amma ba ka yarda ya zama shugaba ba, kamar suwic ɗin wani sashe ko ɗan haya da kuke raba layi. In ya zo da lambar da ta fi taka ƙanƙanta sai a dakatar da ƙofar har ya daina. spanning-tree guard root.

BPDU filter kuwa ka nisance shi in ba ka san takamaiman dalilinka ba. In ka sa shi a kan ƙofa kamar ka kashe STP ne a wurin. Sunayen sun yi kama, na ga wanda ya rubuta filter yana nufin guard.

Suwic ɗina irin na jona-ka-tafi ne, ba a shiga cikinsa. Ya zan yi?

Mafi yawan waɗannan ba su da STP sam. Wasu suna wuce da BPDU, wasu suna haɗiye shi. In yana wucewa da shi kuma aka yi zobe a jikinsa, babban suwic ɗin da yake sama zai ji BPDU ɗinsa ya dawo masa ya rufe ƙofar, to ka tsira. In yana haɗiyewa babu abin da STP zai gani, guguwar saƙon shelan nan mai zagayawa za ta hau sama. Shi ya sa nake ƙara storm-control a ƙofofin Cisco don a iyakance yawan shela, a MikroTik kuma loop-protect. Ƙananan TP-Link irin TL-SG108E suna da wani abu da suke kira loop prevention, ba STP ba ne amma ya fi babu, ka shiga ka kunna shi.

Shawarata in kuɗi bai kai a canja duka ba, a sayi ko guda ɗaya mai kyau wanda ake saitawa a sa shi a tsakiya, kowane ƙaramin suwic ya zo masa da kebul ɗinsa shi kaɗai. Kar a yi ta jona wannan a bayan wancan kamar jerin gwano.

Jerin gwanon yana da iyaka ne?

Yana da ita. Lokutan da tsohon STP yake zuwa da su an lissafa su ne a kan kar netwok ya wuce suwic 7 daga wannan ƙarshe zuwa wancan. A watan Nuwamba 2002 asibitin Beth Israel Deaconess da ke Boston a Amurka ya yi kusan kwana huɗu netwok ɗinsa yana faɗuwa, likitoci suka koma takarda da biro, kuma da aka bincika an samu cewa netwok ɗin ya yi ta girma ana jona suwic bayan suwic har ya zarce wannan iyakar. Babban asibiti ne mai ma'aikatan kwamfuta na gaske. Mu nan da ake ƙara gini ɗaya duk shekara a ja masa kebul daga gini na kusa, haka muke tafiya mu ma. In wuri ya girma, a raba shi da rauta ko suwic mai aikin rauta, kowane ɓangare da bishiyarsa ƙarama.

Na ja kebul biyu don gudu ya ƙaru, sai na ga ɗaya fitilarsa ruwan lemo. Ya lalace ne?

Lafiyarsa ƙalau, STP ne ya toshe shi yana ajiye da shi. In kana son duka biyun su yi aiki ka ɗaure su da LACP, saitin da yake haɗe kebul biyu su zama ɗaya, a ɓangarorin biyu, sai STP ya gan su a matsayin hanya ɗaya. Ka gama saitin kafin ka soka kebul na biyun.

Yanzu haka netwok ya tsaya, fitilu suna ta rawa, me zan fara yi?

Kar ka fara da kashe komai ka kunna, zai lafa na minti ɗaya ya dawo. Je ka babban suwic ka riƙa zare kebul ɗin da suke zuwa sauran suwic ɗaya bayan ɗaya, kana ba kowanne ƴan daƙiƙu. Wanda ka zare fitilu suka nutsu, zoben yana ta can, bar shi a zare ka bi shi, a can ma ka yi haka har ka kai kan ƙofar. Ka tambayi mutanen wurin wa ya taɓa wani abu yau, cikin lalama, in ka zo da faɗa ba wanda zai faɗa maka.

Ka riƙa yawo da kebul ɗin konsol, wanda ake jona kwamfuta kai tsaye da suwic da shi, a jaka domin lokacin guguwa ba za ka iya shiga suwic ta netwok ba. In ka shiga Cisco, show logging zai nuna maka MAC yana tsalle tsakanin ƙofa biyu, show spanning-tree zai nuna waye shugaba, in ka ga This bridge is the root a suwic ɗin da ba shi ka naɗa ba to ka gano wata matsalar. show spanning-tree detail kuma yana faɗin sau nawa tsarin ya canja da ƙofar da canjin ƙarshe ya fito.

Fayiba ma tana yin zobe?

Tana yi, ta wata hanya mai wuyar ganewa. Fayiba yawanci zare biyu ce, ɗaya turawa ɗaya karɓa. In ɗaya ya samu matsala, ko masu haƙa kwalbati sun taɓa shi ko ɓera ya ci, ƙofar da aka toshe za ta daina jin BPDU ta ɗauka hanya ta mutu sai ta buɗe, alhali ɗaya zaren yana aiki. A Cisco UDLD da loop guard su ne maganin wannan, a sa su a hanyoyin da suke tsakanin gini da gini.

Bayan na gama saiti ta yaya zan tabbatar yana aiki?

Ka gwada da hannunka ranar da ba kowa, Asabar da yamma ko bayan an tashi. Ka bar ping, wato saƙon gwajin da yake nuna ko ana amsawa, yana tafiya zuwa saba, ka zare babban kebul ka ƙirga nawa ya faɗi kafin ya dawo, da RSTP bai kamata ya wuce ƴan kaɗan ba. Ka mayar. Sannan ka ɗauki gajeren kebul ka soka bakinsa biyu a ƙofofin kwamfuta guda biyu ka ga ko BPDU guard ya rufe. Ka kashe shugaban ka duba ko mataimakin ne ya hau. In duk sun yi, ka yi write memory a Cisco ko save a Huawei kafin ka tashi, in ba haka ba ɗaukewar wuta ta farko za ta share duk abin da ka yi, sannan ka manna takarda a jikin akwatin da sunan shugaba da lambarsa da ƙofofin da suke zuwa wasu gine-ginen.